Furen Ƙanƙara Mai Hannu Biyar

Ranar Litinin ce, sha ɗaya ga Nuwamba, kuma rana ta fito a garinmu Bar kamar ba wanda ya gaya mata lokacinta ya wuce. Digiri ashirin da ɗaya. Tsofaffi biyu suna iyo a teku, Mama ta shanya zannuwan gado a baranda, ni kuwa ina tsakar gida da riga mai gajeren hannu ina wanke mota. Ku riƙe wannan yanayin a ranku, jama'a, don shi kaɗai ne lauyana a cikin abin da zan faɗa muku yau.

Wayata ta yi ƙara a kan murfin injin. Ilhana ce, budurwata.

"Baba ya ce ku zo ranar Asabar ku sha gahawa. Kai da Mama da babban da zai yi magana."

Sai da na karanta sau uku. Kowa ya san wace irin gahawa ce wannan. In ta zo da sukari a ciki, an ba ka yarinya. In ta zo da ɗacinta, ka shanye da ladabi ka nemi takalminka.

Ban gama tsalle ba saƙo na biyu ya shigo.

"Ya ce kuma ka turo masa hoton tayar motarka. Ta gefe, inda rubutu yake."

Murnata ta tsaya cak kamar an ja birkin hannu.

Sunana Ermin, shekarata ashirin da biyar. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare saboda tagar ajinmu teku take kallo. Na yi hayar kujerun bakin ruwa, na yi sabis a gidan abinci, na tuƙa kwalekwalen 'yan yawon buɗe ido, yanzu ina kai wa shaguna man zaitun. Ba aikin da ya taɓa ganin hunturu biyu a hannuna. Ilhana kuwa a kantin magani na bakin kasuwa take aiki, inda na sayi filasta kwana biyar a jere ba tare da ciwo ko ɗaya ba. 'Yar Rožaje ce, can kan duwatsu, inda ake kwana da safa biyu. Can take hutu a gida wannan watan. Mahaifinta, Baba Ramiz, shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar share ƙanƙara.

Na kira ta.

"Hoton taya kuma? Ni yake so ya ba 'yarsa ko motata?"

"Kai ɗan kifi, ka manta wanda ya zo neman yayata?" Ina jin dariya a muryarta. "Tayar sanyi biyu a gaba, ta zafi biyu a baya. Baba ya zagaya motar sau ɗaya. Gahawar da aka kawo ranar, har yau bakin mutumin bai dawo daidai ba."

"Da gaske kike?"

"Ka dai turo hoto. Kuma in gaya maka, Goggo ta sake tayar da maganar ɗan Luxembourg ɗin nan da take so in aura. Yana zuwa hutun sabuwar shekara. Ta ce tayoyinsa takwas ne, huɗu a ƙafa, huɗu a ɗaki na musamman."

Na kalli tayoyina. Na zafi ne, duka huɗun, a watan Mayu na sa su, baƙaƙe sumul, suna sheƙi kamar takalmin ango.

Da rana Kawu Safet, yayan Mama, ya zo cin abinci. Shi ne babbanmu tun rasuwar mahaifina. Mama ta ajiye kifi soyayye da dankali, tana share hawayen murna da gefen ɗankwali.

"Allah na gode maka. Wataƙila in ya yi aure ya zauna wuri ɗaya kamar mutane."

"Mama, akwai maganar taya."

Kawu ya cire ƙaya daga bakinsa. "Wace taya? Shekara arba'in ina tuƙi, ban taɓa canza taya don kalanda ta ce ba. Taya sai ta yi sanƙo ake cire ta a rataya a jikin kwalekwale. Mota mai ƙafa huɗu, takalmi takwas? Amarya ce?"

"Safet, kai iyakar tafiyarka daga nan zuwa kasuwar kifi," in ji Mama. Ta juyo kaina. "Tashi ka je wurin Boro. In ka ɓata min wannan Asabar ɗin, wallahi kai da tayar zan rataya a kwalekwale."

Maigida Boro mai faci ne a hanyar tashar jirgi. Na tarar da layin motoci har ya sha kwana, don ranar Juma'a dokar tayar sanyi take fara aiki a hanyoyin duwatsu, kuma duk garin ya tuna a rana ɗaya kamar kowace shekara. Na kutsa na same shi a durƙushe.

"Maigida, tayar sanyi huɗu nake so, kafin Asabar."

"Ni kuma gashin kaina nake so ya dawo kafin Asabar." Ya leƙa motata daga nesa. "Saurara, yaro. A garin nan tayarka ta zafi ta ishe ka kusan duk shekara. Ta sanyi robarta taushi gare ta, in ka yi ta gudu da ita a kan kwaltarmu mai ɗumi za ta suɗe kamar sabulu. Amma da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri bakwai, taka ta zafin sai ta sandare, ta daina riƙe hanya. Irinka, mai hawa dutse sau biyu a shekara, ta duk shekara ce daidai da kai, mai wannan tambarin."

Ya dangwala baƙin babban yatsansa a gefen wata taya. Na hango dutse mai kai uku, da wani abu kamar fure a ciki, rabinsa a ƙarƙashin yatsan.

"To ba ni ita."

"Girman taka ya ƙare. Sai ashirin da biyu ga wata."

"Maigida, aure ne!"

"Duk wanda ke layin nan uzurinsa ya fi naka. Wancan ma matarsa ce za ta haihu a Kolašin, can kan duwatsu."

Yanzu ku faɗa min tsakaninku da Allah. Niyyata mai kyau ce. Ranar ashirin da biyu zan sayi tayoyin. Abin da ya rage kawai kwana shida ne tsakanin gaskiya da Asabar. Ni a ganina ba ƙarya zan yi ba, gaskiyar ce zan ɗan turo gaba.

Kawu yana da farin fenti na rubuta sunan kwalekwale, irin wanda ruwan gishiri ba ya cirewa. Da la'asar muka shigar da motar rumfarsa. Na fara bin haruffan jikin tayar da siririn buroshi, kamar yadda samari ke yi don gayu, saboda kada tambarin ya fito shi kaɗai. Na zana dutsen, kai uku, ya yi kyau. Da na zo kan furen sai hannuna ya tsaya. Sau biyu na taɓa ganin dusar ƙanƙara ta sauka a garinmu, kuma duka biyun kafin in sa takalmi ta narke.

"Kawu, hannu nawa gare shi?"

"Wa?"

"Furen ƙanƙara."

Ya gyara hula. "Ni da na yi aikin soja a kan duwatsu kake tambaya? Kamar tauraron teku yake, wannan da ke maƙalewa a raga, sai dai shi siriri ne."

Tauraron teku kam na san shi tun ina rarrafe. Hannu biyar. Na zana shi a tayoyi huɗu, har da 'yan rassa. Na ɗauki hoto daga ɗan nesa na tura.

Bayan minti goma Ilhana ta turo amsa. "Baba ya ce ya gani. Ya ce in kun iso gidan mai na ƙarshe a garin Berane ku tsaya ku kira shi. Kada ku hau."

Ya gani! Na sumbaci hular Kawu.

Ranar Asabar da hantsi muka kama hanya. Mama ta sa kwat ruwan toka mai gashi a wuya, da 'yan kunnen aurenta, ta ɗora farantin baklawa, alkakin ƙasarmu, a cinya ta rungume kamar jariri. Kawu ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita, duk motar warin kafur. Ni farar riga, baƙin wando, da takalmi mai tsini wanda tafinsa bai fi takarda kauri ba. A but akwai tulun gilashi mai lita goma na man zaitun daga bishiyoyin kakana, da akwati biyu na lemon tanjarin da Mama ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya.

Hanya a bushe take ƙayau. Muka wuce Podgorica, muka hau, muka sauka, ba ko ɗigon fari a kwalta. Kawu sai waƙa yake.

"Ina ƙanƙarar? Mutanen dutse da tsoratarwa! Su dai a ce suna shan wahala."

Da muka iso Berane allon mota ya nuna digiri ɗaya. Ga gidan man can a hannun dama, da wata farar motar kaya a gefe. Na rage gudu, sai wani tunani ya faɗo min. In Baba Ramiz ya same mu a nan, a fili, rana tsaka, zai durƙusa. Mutumin da ya zagaya motar saurayin yayarta ba zai ƙyale tawa ba. Amma in na riga shi isa gida, sai in cusa motar bayan tarin itace, a shiga ɗaki, a sha gahawa, magana ta ƙare.

Na taka mai.

"Ermin, ba nan aka ce mu tsaya ba?" in ji Mama.

"Kada mu wahalar da dattijo, Mama. Hawan dutsen Lokve ne kawai, rabin awa."

"Yaro ya yi hankali," in ji Kawu.

Kwana ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. Ta uku tana cikin inuwar bishiyoyi, inda rana ba ta taɓa ba tun safe, kwaltar ta ɗan yi sheƙi kamar an shafa mata mai. Gudun talatin nake, na rantse. Na juya sitiyari hagu, motar ta ce ba ta ji ba. Na taka birki. Sai ta fara juyawa a hankali, cikin natsuwa, kamar yarinya tana nuna wa ƙawayenta sabuwar riga. Na ga bishiyoyi, na ga hanyar da muka fito, na sake ganin bishiyoyi. Mama tana salati, Kawu yana ihu, "Birki! A'a, saki birki! Birki!"

Muka shiga ramin gefen hanya da baya. Ƙum.

Na kashe injin, na waiwaya.

"Kowa lafiya?"

Kowa lafiya, alhamdu lillahi. Sai dai farantin baklawa ya bar cinyar Mama ya koma ƙirjin Kawu, a kife. But ya buɗe da kansa. Tulun ya fashe, man kakana yana bin rami. Lemon kuwa, jama'a, sai ga su sun fito sun kama gangara, ɗaya bayan ɗaya, suna komawa Berane kamar sun fasa zuwa neman auren.

Muna tsaye muna rawar sanyi sai muka ji ƙarar mota daga ƙasa. Farar motar kayan nan ce ta gidan mai. Tana tahowa a hankali, ta tsaya nesa kaɗan. Wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa ya fito, da baƙar kwat da furfurar gashin baki, yana ɓare lemo. Na san fuskar daga wayar Ilhana. Baba Ramiz ne.

"Salamu alaikum. Ba wanda ya ji ciwo?" Ya dubi Mama tukuna. "Hajiya, sannu. Shiga motata, akwai ɗumi." Ya jefa ɓarin lemo a baki. "Zaƙi gare shi. Tun daga kwana ta farko nake bin sawunsu."

"Baba, ina wuni," na ce. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

"Kai ne mai zanen?"

Bai jira amsa ba. Ya durƙusa gaban tayar gaba, ya lashi yatsa ya goga. Fentin Kawu bai motsa ba.

"Fenti mai kyau. Na kwalekwale ne?"

Kawu ya sunkuyar da kai ya hau kankare baklawar da ke ƙirjinsa.

Daidai lokacin wani abu fari ya fara saukowa, ɗaiɗai, a hankali. Baba Ramiz ya miƙe, ya miƙa hannun baƙar kwat ɗinsa, ya jira har ɗaya ta sauka a kai. Ya matso da ita saitin hancina.

"Ƙirga, ɗan bakin teku. Yi sauri kafin numfashinka ya kashe ta."

Na ƙirga. "Shida, Baba."

"Sake ƙirgawa. Ko wannan ta yi kuskure."

"Shida ne."

"Shekara talatin da ɗaya ina ture su daga hanya, ban taɓa gamuwa da mai biyar ba. Ranar Litinin da hoton ya zo na kai shi wurin shan gahawa. Wani abokina ya ce wannan dabbar a ruwa take zaune, ya taɓa taka ta a bakin tekun Sutomore."

Ya zagaya ya buɗe bayan motarsa. Tayoyi huɗu ne a jere, na sanyi, a kan ƙarafunansu, haƙoransu zaƙo-zaƙo.

"Lambar girman tayarka nake so in karanta, shi ya sa na ce ta gefe. Na san ɗan Bar ba ya ajiye tayar sanyi, me zai yi da ita? Ko ni a can nake zaune ba zan saya ba. Tun ƙarfe goma nake gidan mai da waɗannan, ina jiran baƙina. Sai na ga baƙina sun wuce ni kamar an biyo su."

"Baba, Ilhana ta ce wanda ya zo neman yayarta..."

"Wannan? Ba don taya na kore shi ba. Awa biyu ya yi yana koya min tuƙi a kan ƙanƙara."

Ya ɗaura igiya ya fizgo motata daga rami kamar ana cire haƙori. Ya sauke tayoyin a gefen hanya, ya ɗora jak da sifana a kai, ya kafa alamar haɗari a bayan kwanar. Ya sa Kawu a gaba, Mama a baya.

"Mu za mu je mu ji ɗumi. In ka gama ka taho. Gida na uku bayan masallaci, mai koriyar ƙofa. Naka huɗun ka sa a but, ina son su."

Mama ba ta ko kalle ni ba. Ta tagar mota kawai ta nuna min yatsa, irin nunin da ke cewa za mu haɗu a gida.

Awa ɗaya da kwata na yi. Noti goma sha shida na kwance, goma sha shida na ɗaure, da yatsun da ban san ko nawa ba ne. Farar rigata ta koma taswira. Amma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba: da na tayar da motar, wannan kwanar da ta juya ni, na shige ta kamar ƙadangare a bango.

Ilhana ce ta buɗe koriyar ƙofar. Doguwar riga shuɗiya, gashi a naɗe, fuska a ɗaure, amma gefen bakinta yana rawa.

"Biyar?" ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni na miƙa masa wayar da hannuna, Ermin. Na ce Baba ka gani, har ya saya."

"Kawu ne ya ce..."

"Ko a jikin firjin gidanku akwai hoton abin nan! Cire takalmi. Kada ka taɓa bango."

Ɗakin ya yi ɗumi, murhun itace yana ci, darduma har bango. An ba Kawu rigar sanyi ta aro mai hoton barewa. A kusurwa ga Goggo, 'yar siririya mai tabarau, tana kallona tana murmushi kamar an ba ta kyauta. Kawu ya yi jawabinsa, ya yabi gidanmu, ya yabi zaitun ɗin da ba a gani ba. Sai Ilhana ta shigo da faranti, finjalai shida suna hayaƙi.

Na ɗauka da baƙin hannuna. Na kurɓa.

Ɗaci. Ɗaci har ƙeya.

Na ga kafaɗun Mama sun sauka. Goggo ta gyara zama. Na fara neman inda na ajiye takalmina da ido.

Sai Baba Ramiz ya sa hannu a gwangwanin sukari, ya ɗauko ƙwaya ɗaya, ya naɗe ta a 'yar takarda. Ya miƙe ya ɗora ta a kan agogon bango.

"Sukari ba ya lalacewa," ya ce. "Ɗaya ga Afrilu ake cire tayar sanyi. Ranar ka dawo min da nawa. Na auna haƙoransu jiya, na rubuta. A garinku mai ɗumi, mai gaggawa wata biyu yake cinye su. Mai haƙuri kuwa da kyar za a ga sun ragu. In ka kawo, zan sake aunawa, sai mu ga ko za a sauko da wancan."

"Yaya, ai ɗan Luxembourg yana zuwa ƙarshen Disamba," in ji Goggo.

"Ya zo. Shi ma akwai gahawa." Ya juyo kaina. "Naka kuma suna nan wurina. Ɗaya zan rataya a ƙofar rumfar itace, yara su koyi ƙirga."

Mun dawo Bar washegari, da gudun da har babbar motar siminti ta wuce mu tana mana hon. Digiri goma sha tara. Yanzu ni ne kaɗai saurayi a garin nan da ke shan kwana kamar mai ɗauke da ƙwai, kuma kowace safiya sai na durƙusa na duba haƙoran tayar wani. Ɗazu Ilhana ta turo min hoton agogon bangon, ba ta rubuta komai ba. Takardar sukarin tana nan a kai. Amma a gefen hoton na hango Goggo tsaye a kan kujera, wai tana goge ƙura.

Ga abin da na rasa, ba ƙari ba ragi: man zaitun lita goma da tulunsa, lemo akwati biyu ban da bakwai da Baba Ramiz ya tsinta, baklawa faranti ɗaya, fitilar baya ta hagu, farar riga ɗaya, kwat ɗin auren Kawu, maganar Mama ta kwana uku, tayoyin zafi huɗu, da wata huɗu da rabi.